Ku Tambaya Mu Amsa: Ɗalibai da Gajeren Fim Ɗin Fargaba

Wasiƙun wannan wata kusan duk daga Jos suka fito, kuma a kan abu guda: ɗaliban da aka ba aikin shirya gajeren fim mai sa fargaba kafin ƙarshen zango. Ba mu yi mamaki ba. Garin da hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, ga cibiyarta ta koyar da aikin fim, ga kuma Kwalejin Talabijin ta NTA a Rayfield, dole a samu yara masu ƙaiƙayin riƙe kyamara. Tambayoyin da suka yi kama da juna mun haɗe su wuri ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malamai. Mu shida ne a rukuninmu, an ba mu mako uku mu kawo fim na minti biyar zuwa bakwai. Na rubuta labari shafi 18. Akwai sace mutum, akwai tsere da mota daga Terminus har Bukuru, sannan 'yan sanda su zo a ƙarshe. Abokaina sun ce ya yi yawa, ni kuma ina ganin in an rage ba zai ba da tsoro ba. (Ɗalibi, Rikkos)

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗanmu, abokanka sun fi ka gaskiya. A ƙa'idar rubutun fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, ke nan fim ɗin minti 18 ka rubuta, an kuwa ce maka bakwai. Tseren mota kuma ka cire shi daga ranka tun yanzu. Ba ku da motocin, ba ku da izinin rufe hanya, kuma wanda ya san cunkoson Terminus ya san ba a tsere a can.

Abin da ke sa zuciyar mai kallo ta riƙa dukan uku-uku ba yawan abin da ya faru ba ne, jiran abin da zai faru ne. Alfred Hitchcock ya sha bayyana bambancin: in abu ya fashe ba zato, razanar daƙiƙa kaɗan ce, amma in mai kallo ya san abin yana nan ƙarƙashin tebur alhali mutanen da ke zaune ba su sani ba, to duk tsawon hirarsu a tsorace yake. Ka ba mai kallo wani sani wanda jarumin bai da shi, sannan ka sa shi jira.

Ga misali. Yarinya ita kaɗai a gida, ana ruwa, an ɗauke wuta. Ta fita ta sa wa ƙofar gida sakata ta dawo ɗaki. Tana wucewa sai kyamara ta tsaya a bakin labule, mu ga sawun takalmi jiƙaƙƙe, babba, wanda ba nata ba, ya shiga bai fito ba. Ita ba ta gani ba. Daga nan komai ta yi ya zama abin fargaba: ta zuba ruwa a kofi, ta cire ɗankwali, ta juya wa labulen baya tana neman ashana. Ba a kashe ko sisi ba. Sai ka ƙara mata agogo: wayarta saura kashi 3 na caji, kuma mahaifiyarta ta ce sai nan da minti goma za ta iso. Yanzu mai kallo lissafi yake yi tare da kai.

Ka mayar da labarinka wuri ɗaya, mutum biyu ko uku, dare ɗaya. A fim ɗin minti shida, kada daƙiƙa 45 ta wuce ba mu san wane ne jarumi da abin da yake tsoron rasawa ba. Kafin minti ɗaya da rabi alamar haɗari ta bayyana. Tsakiyar fim ɗin ƙoƙarin kuɓuta ne sau biyu ko uku, kowanne ya ƙara jefa shi cikin matsi. Minti na ƙarshe kuma a warware. Duk maganar da ido zai iya gani, goge ta. Wanda ya ce "wayyo ina jin tsoro" bai kai wanda hannunsa ya kasa zura makulli a kwaɗo ba.

Roƙo ɗaya: kada a ƙare da jarumi ya farka ashe mafarki ne. Malamai sun ga wannan har sun gaji, kuma cin amanar mai kallo ne.

TAMBAYA: Ba mu da kyamara sai wayoyi. Za su iya? Kuma me ya sa wani lokaci muke ganin layi-layi na yawo a hoton in muna ɗauka a ɗaki? (Ɗaliba, Unguwar Rogo)

AMSA: Za su iya, 'yarmu, muddin kun hana wayar yin gaban kanta. Ku zaɓi waya ɗaya wadda ta fi kyau ku ɗauki fim ɗin duka da ita, domin kowace waya da irin launinta, kuma in kun gauraya za ku sha wahala wajen haɗawa. Ku kwantar da ita, kada ku riƙe ta a tsaye. Ku goge gilashin kyamarar kafin kowace ɗauka. Maiƙon yatsa shi ne yake sa fitila ta yi jela a hoto. Ku yi amfani da babbar kyamarar baya, kada ku ja hoto da yatsa don kusantowa. In ana son kusa, mai ɗauka ya taka ya matsa.

Layin da kike gani daga wutar lantarki yake. Wutarmu a Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wasu ƙwayayen fitila suna ƙiftawa daidai da ita, ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa. Maganinsa a sa wayar a firem 25 a daƙiƙa, wato hotuna 25 a jere kowace daƙiƙa, saurin shota kuma, wato tsawon lokacin da kowane hoto ke shan haske, 1/50 na daƙiƙa. In wayar ba ta yarda da 25 ba sai 30, to a bar shota a 1/50 ko 1/100. Manhajar kyamarar da ta zo da waya sau da yawa ba ta ba da wannan dama, sai ku sauke Open Camera a Android, ko Blackmagic Camera in wayar tana ɗauka. Duka kyauta ne. A ciki ku kulle fokas, wato inda hoton ya fi fitowa tar, ku kulle haske, ku kulle launi. In ba haka ba, jaruma tana wucewa gaban taga wayar za ta rage haske da kanta ta sake ƙarawa, hoton ya riƙa numfashi.

Wajen zaɓen girman hoto ku tsaya a 1080, kada ku hau 4K. Minti ɗaya yana cin wajen megabait 100 zuwa 130, 4K kuwa ya ninka wannan kusan sau uku, ya zafafa waya, ya kuma gagari kwamfutar da za ku yi editin da ita. Fim ɗin minti shida zai iya cin ɗaukar minti 50, don haka ku share wayar ku bar gigabait 20 fanko. Ku sa ta a yanayin jirgin sama, kada kira ya shigo ana tsakiyar ɗaukar sin, wato fitowa, mai kyau.

Ku samo wa wayar ƙafa, ko ku jingine ta a kan littattafai. Hoto mai tsayawa cak ya fi mai rawa ban tsoro, musamman in an bar wani ɓangaren firem ɗin fanko, kamar ƙofa a buɗe a bayan jaruma, idon mai kallo ya riƙa komawa can. In ana son kyamara ta matso a hankali, a ɗora ƙafar a kan bargo a ja shi bisa tayil.

TAMBAYA: Mun gwada ɗaukar sin ɗin dare a tsakar gida da hasken tocila, sai hoton ya fito dishi-dishi kamar an watsa masa yashi, fuskoki ba sa fita. Yaya ake yi duhu ya yi kyau a fim? (Ɗalibai uku, Nasarawa Gwong)

AMSA: Duhun fim ba rashin haske ba ne, haske ne da aka hana shi zuwa ko'ina. Yashin da kuka gani kuwa wayar ce ta rasa haske ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haskenta, sama, kamar wanda ya ƙure rediyo don tashar ba ta kamawa, sai shuu ya fi magana yawa. Ku riƙe ISO a 400 ko ƙasa da haka, ku ƙaro haske har hoton ya fito tsaf, ya ma ɗan fi yadda kuke so haske. Rage haske a editin abu ne mai sauƙi, ƙara shi ne yake fito da datti.

Shawararmu ta farko za ta ba ku mamaki: ku ɗauki daren da rana. In sin ɗin a cikin ɗaki yake, ku toshe tagogi daga waje da baƙin bargo ko baƙar leda mai kauri, ku liƙe ƙasan ƙofa, shi ke nan dare ya yi da ƙarfe goma na safe. Kun huta da sanyin Jos, kun huta da neman izinin fitar dare a gida, kuma haskenku ba ya canzawa.

Fitila uku ta isa. Babbar, wato fitilar caji mai farin haske, ku ajiye ta a gefen jaruma, ba a gabanta ba, ta ɗan fi kanta tsayi, yadda rabin fuskar zai sha haske rabi ya nutse. Hasken da ya fito daga inda kyamara take shi ne yake mayar da fuska kamar hoton fasfo. Ku rataya farin ƙyalle marar kauri kamar kamu ɗaya a gaban fitilar don hasken ya yi laushi. In ɓangaren inuwar ya yi baƙi ƙirin har ido ya ɓace, wani ya riƙe farin kwali ta can ya mayar da ɗan haske. Ta biyu ƙarama ce, a haska bango ko labulen da ke baya da ita, domin in baya baƙi ne kuma kayan jaruma masu duhu, kai kawai za a gani yana yawo. Ta uku ita ce wadda ake gani a cikin hoto, fitilar ƙwai ko kyandir ko tocilar da ke hannunta. Aikinta ta sa mai kallo ya yarda daga nan hasken yake fitowa, ko da ba haka ba ne.

Ku san wannan lissafi: in kun ninka nisan fitila sau biyu, hasken da ke kai wa fuska ba rabi yake komawa ba, kwata yake komawa. Saboda haka taku ɗaya baya ko gaba yana canza komai. Ku sa alamar alli a ƙasa inda fitila take da inda jaruma za ta tsaya.

Abin da ya fi cin ɗalibai shi ne fitilar caji tana dushewa a hankali ba a lura ba. Ɗaukar farko tas, ta ƙarshe ja-ja, sai a teburin editin a ga ba su haɗu ba. Ku tanadi biyu iri ɗaya kuna musanyawa, ɗaya na aiki ɗaya na caji. In da janareto za ku yi, ya kasance a waje, nesa, bayan katanga, da doguwar waya. Hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri kuma ba ya ba da sanarwa. Kyandir da fitilar ƙwai kuma a nisanta su da labule da hijabi, a sa mutum ɗaya ba ya komai sai lura da su.

In dole sai an fita waje, ku yi amfani da ɗan tsakanin nan bayan faɗuwar rana, sama ta yi shuɗi ba ta gama duhu ba. A Jos bai fi minti 20 ba, kuma lokacin magariba ne, don haka ɗauka biyu ko uku kawai za ku tsara masa, ku gama rihasal tun da la'asar.

TAMBAYA: Hotonmu ya yi kyau amma magana ba ta fita. Ana jin iska, ana jin Keke Napep, ana jin ɗakin yana amsa kuwwa. (Ɗalibi, Bauchi Road)

AMSA: Mai kallo zai yafe maka hoto mai rauni, ba zai yafe maka sauti marar kyau ba, balle a fim ɗin fargaba inda rabin tsoron ta kunne yake shiga. Laifin nisa ne. Wayar da ke ɗaukar hoto tana taku biyar daga bakin mai magana, don haka ɗakin take ji, ba shi ba.

Ku ware sauti daga hoto. Waya ta biyu ta zama rakoda. A sa mata ƙaramin makirufo mai maƙalewa, ko ma na iyafis, a liƙe shi da filasta a ƙarƙashin wuyan riga, taƙi ɗaya daga baki, wayar tana aljihu. A nan tufafi suna da magana: shadda mai sitaci ƙara take yi duk motsi, hijabi mai santsi kuma yana goga makirufo. Ku zaɓi auduga mai laushi, ku liƙe ƙyallen da ke kusa da makirufon don kada ya motsa. Mutum ɗaya ya saurari kowace ɗauka da hedifon kafin a wuce gaba. In manhajar tana nuna ma'auni, magana ta riƙa kaiwa wajen -12, kada ta taɓa sifili, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Ihu kuwa a gwada shi tukuna, a rage ƙarfin ɗauka.

Kafin kowace ɗauka, bayan wayoyin biyu sun fara aiki, wani ya shiga gaban kyamara ya faɗi lambar sin da lambar ɗauka, ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. A editin tafin zai fito kamar tsini a layin sautin duka biyu, sai a jera su.

Kuwwa kuma daga bangon siminti da tayil take. Gidajen Jos ba a rasa bargo. Ku rataya biyu ko uku a bangon da kyamara ba ta gani, ku jingine katifa, ku shimfiɗa darduma a ƙasa. Iskar hunturu a sa wa makirufo safa mai kauri, a juya wa iskar baya. A kashe fanka da firij. Ku san lokutan unguwarku: kiran salla, lasifikar coci ranar Lahadi, tashin 'yan makaranta, injin markaɗe. Da damina kuma ruwa a kan rufin kwano yana cinye magana ɗungurungum, ruwan Jos kuwa ya fi son yamma, don haka a ɗauki sin masu magana da safe. Ko labarin cikin ruwa yake, ku ɗauki maganar a bushe, ku ɗauki ƙarar ruwan daban ku shimfiɗa ta a ƙasa yadda kuke so.

Kafin ku bar kowane ɗaki, kowa ya yi tsit a ɗauki shirun ɗakin na minti ɗaya. Kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi ake cike giɓin da ke tsakanin maganganu don kada sauti ya riƙa yankewa.

Sauran ƙararraki duk daga baya ake yin su, a ɗaki shiru, makirufo a kusa: takun takalmi, ƙarar sakata, numfashi, ɗigar ruwa a bokiti. Kasuwar Farin Gada za ta ba ku sauran. Wuƙa a cikin kabeji ita ce sara, karas da aka karya shi ne ƙashi, dunƙulen hannu a kan katifa sau biyu a jere shi ne bugun zuciya. Kuma ku gwada wannan: daf da abin tsoro, ku janye duk kiɗa da ƙara na daƙiƙa biyu ko uku. Shirun ya fi ganga aiki.

TAMBAYA: Ni uba ne. Yarona ya ce za su je wani tsohon kududdufin haƙar kuza da yamma su yi fim, har ya sayo bindigar roba, wani abokinsa kuma zai aro kakin ɗan sanda. Hankalina bai kwanta ba. (Mahaifi, Dutse Uku)

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma, hankalinka ya gaya maka gaskiya, kuma duka ukun a hana. Kududdufan kuza da ke kewayen Jos da Bukuru ramukan haƙa ne, ba tafki ba. Gaɓarsu tana zaftarewa, zurfinsu yana farawa tun daga baki, ruwan da sanyi, kuma sun ci rayuka. Mai riƙe kyamara idonsa a allo yake, yana ja da baya bai san inda ƙafarsa take ba. Haka ma hawa duwatsun Shere da damina.

Bindigar roba daga nesa ba wanda zai ce roba ce. A gari irin Jos, inda ihu ɗaya da gudun mutum uku ya isa a fara rufe shaguna, yaro da abu mai kama da bindiga a titi yana wasa da ransa ne da na wasu. Sa kakin jami'in tsaro ba da izini ba kuma laifi ne a doka. Labarin bai ma buƙatarsu: inuwar mutum a labule da ƙwanƙwasa ƙofa sau uku sun wadatar, zuwan jami'ai kuma a ji shi da jiniya daga nesa.

In akwai wuƙa, a yanko ta daga kwali mai kauri ko tafin tsohon silifa a naɗe da takardar azurfa. Ta gaske ba ta shiga hannun ɗan wasa, ko da dakusasshiya ce. A nuna ta ita kaɗai a kan tebur a mayar kicin. Ka sa su yi aikin a cikin gida ko harabar makaranta, da babba a wurin. Su karɓo takarda daga makaranta mai hatimi, su kai wa mai unguwa, su gaya wa maƙwabta ranar da za a ji ihu. In akwai ko ɗauka ɗaya a titi, a sanar da ofishin 'yan sanda na yankin tun kafin ranar. Duk yaron da bai kai 18 ba, iyayensa su sa hannu a takardar amincewa.

TAMBAYA: Yaya ake haɗa jinin fim? Mun gwada zoɓo bai yi ba. (Ɗaliba, Gangare)

AMSA: Zoɓo ya cika ruwa kuma yana komawa shunayya a kyamara. Ki samu zuma babban cokali huɗu, jar kalar abinci rabin ƙaramin cokali, garin koko ƙaramin cokali ɗaya don ya yi duhu ya daina sheƙi, da ɗigo ɗaya na shuɗiyar kala. In ya yi kauri a ɗiga ruwa. Ki gwada shi a fata, a ƙarƙashin fitilar da za ku yi aiki da ita. Yana kama tufafi, don haka ku sayo riga biyu iri ɗaya a gwanjo, kuma sin ɗin jini ya zama na ƙarshe a ranar. Kaɗan ya fi yawa tasiri: ɗigo uku a kan farin tayil. A goge da wuri kafin tururuwa su samu labari.

TAMBAYA: Da muka zo haɗawa sai muka ga mutum biyu da ke magana da juna kamar gefe ɗaya suke kallo. Kuma kofin da ke hannun dama ya koma hagu. Ga shi kullum muna rigima a kan wa zai ba da umarni. (Shugaban rukuni, Tudun Wada)

AMSA: Kun tsallake layi. Ku ja layin alli a ƙasa daga ƙafar wannan zuwa ƙafar wancan, kyamara ta zaɓi gefe ɗaya ta zauna a nan har sin ɗin ya ƙare. Tana iya matsowa, tana iya zagawa bayan kafaɗar kowannensu, amma ba ta haye layin. Haka ne zai sa ɗaya ya riƙa kallon dama ɗaya hagu. In lokaci ya ƙure ba za ku iya sakewa ba, ku juya hoton ɗayan a editin kamar madubi, in dai babu rubutu ko agogo a ciki.

Kofin kuma aikin mai kwantiniti ne, wato mai lura da kada abu ya canza daga ɗauka zuwa ɗauka, wanda ba ku naɗa ba. In ku shida ne, ku raba: darakta, mai kyamara, mai sauti, mai haske, mai kwantiniti da littafinsa, da mai kula da lokaci da abinci da caji. 'Yan wasa ku nemo su daga waje. Mai kwantiniti yana ɗaukar hoton kowane sin da wayarsa, yana rubuta hannun da aka riƙe kofi, ɗaurin ɗankwali, tsawon kyandir, da ɗaukar da darakta ya ce ta yi. A lokeshan mutum ɗaya ne yake cewa akshin da kot. Mai shawara ya kawo ta tun ana gobe ɗauka.

Ku rubuta jerin ɗauka kafin ranar. Kowane sin a fara da ɗauka mai faɗi daga farko har ƙarshe, sannan ta kusa ga kowane ɗan wasa, sannan ƙananan abubuwa: hannu a kan sakata, allon waya, ido. Waɗannan ƙananan su ne facin da ake rufe kuskure da shi. Sababbin hannu ba sa wuce saiti, wato girka kyamara da fitilu a sabon wuri, 12 zuwa 15 a yini, don haka ku ware kwana uku, da na huɗu na ko-ta-kwana. Kada ku bi jerin labari. Duk ɗaukar da ke fuskantar ƙofa a gama su kafin a juya fitilu.

TAMBAYA: 'Yan wasanmu da an ce akshin sai dariya, in sun daure kuma sai zare ido da kururuwa. (Ɗaliba, Tudun Wada)

AMSA: Ki rage 'yan kallo, ɗakin ya rage daga masu aiki sai 'yan wasa. Kada ki ce wa jaruma "ji tsoro". Ba ta aikin yi: ta nemo makulli a jaka ba tare da ya yi ƙara ba, ta ƙirga takun da take ji. Kafin sin ɗin gudu ta yi tsalle sau 20 don hakin ya zama na gaske. Fuskar da ba ta yi komai ba ma tana aiki. Lev Kuleshov ya nuna haka a Rasha wajen shekara 100 da suka wuce: fuska ɗaya ce, amma abin da aka nuna bayanta shi ne yake sa mai kallo ya karanta mata yunwa ko baƙin ciki. Ki nuna ido, ki nuna hannun ƙofa yana juyawa, mai kallo zai zuba tsoron da kansa.

TAMBAYA: Ni malama ce. A bara rukuni biyu sun rasa aikinsu saura kwana biyu, wasu kuma baki da murya ba su tafiya tare. Me zan gaya wa na bana? (Malama, Jos ta Arewa)

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari. Ki sa musu doka: duk ranar da aka yi ɗauka, kafin a kwanta, a kwafe komai wuri biyu, kwamfuta da filashi, kuma ba a goge na waya sai an buɗe kwafin an ga yana aiki. A tura da kebul ko Xender. Bidiyon da aka tura ta WhatsApp kai tsaye an matse shi, ingancinsa ya tafi.

Saɓanin baki da murya yawanci daga waya yake. Wayoyi da dama ba sa riƙe adadin firem daram, yana hawa yana sauka, sai sautin da aka ɗauka daban ya riƙa zamewa a doguwar ɗauka. A bi da bidiyon ta HandBrake, kyauta ce, a zaɓi firem 25 tsayayye kafin a shigar da shi editin. CapCut ta isa wannan aiki, DaVinci Resolve kuma tana da ta kyauta amma tana son kwamfuta mai ƙarfi.

Su ware mako guda cur don editin. Haɗin farko zai yi tsawo, su nuna wa wanda bai san labarin ba, su zauna a bayansa su lura da inda ya ɗauko wayarsa, nan ne wurin yanka. Amma kada su yanke jira. Tafiya daga gado zuwa ƙofa a fim ɗin fargaba ana barin ta da tsawonta. Kiɗan fina-finan wasu da waƙoƙin mawaƙa akwai haƙƙin mallaka a kansu, su ɗauko daga ma'ajiyar sautin YouTube ta kyauta, ko su yi nasu da ƙaramar ganga da sarewa. Tunda ajin Jos ba kowa ne Bahaushe ba, su sa fassarar Turanci a ƙasa, layi biyu iyaka, kowane layi kada ya wuce harafi 40.

Su fitar da shi MP4, 1080, sannan ki ba su dama su gwada a majigin makaranta da lasifikar zauren kwana biyu kafin ranar. Duhun da ya yi kyau a allon waya yakan ɓace gaba ɗaya a majigi, musamman a zaure mai tagogi. In haka ta faru su ɗaga hasken sin ɗin dare kaɗan su sake fitarwa, ranar nunawa kuma a zo da barguna a rufe tagogin da ke kusa da allo.